Tambayoyinku: Arduino, sensa da kuɗin da ake zubarwa

Wata uwa daga Garwa ta rubuto: "'Yata tana lise, wato makarantar sakandare, malaminsu ya ce su nemi allon koyon haɗa na'ura. Wani ya ce Arduino, wani ya ce micro:bit. Sai na matse kuɗin cefane kafin in saya, kuma ina tsoron kada wuta ta ja ta."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Arduino Uno da volt 5 yake aiki, daidai da cajar wayarki, micro:bit ma bai kai haka ba. Muddin yarinya ba ta kusanci soket ɗin bango ba, babu abin da zai same ta da yardar Allah. Shi micro:bit, BBC ce ta fitar da shi a 2016 don yaran makaranta, kuma yana zuwa da sensa, wato 'yan na'urorin da ke auna yanayi, ta zafi da ta motsi da ta haske a jikinsa. Ana tsara shi da MakeCode, inda ake jawo tubala masu launi ana jerawa maimakon rubuta umarni, kuma akwai shi da Faransanci. Sai dai a nan samunsa da wuya. Arduino ya fi yawa a hannun 'yan kasuwa, kuma manhajar mBlock tana ba shi irin waɗancan tubalan, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Ki fara tambayar malamin da wanne zai koyar. In Arduino ne, allo ɗaya, kebul, allon soke wayoyi, 'yan fitilun LED da rezistansu (masu rage ƙarfin wutar da ke shiga fitilar) da sensar haske sun ishe ta tsawon watanni. Kafin nan ma tana iya gwada haɗawa kyauta a Tinkercad, shafin intanet da ke kwaikwayon haɗin a fuskar kwamfuta, a kwamfutar makaranta, ba ta ƙona komai ba. Allah Ya yi mata albarka.

Wani saurayi daga Kusiri: "Jiya aka kawo mini allona. Yaya zan haɗa shi da wutar gida ya riƙa kunna fanka in zafi ya yi?"

Ba zan gaya maka ba. Jiya ka karɓi allo, yau kana neman taɓa volt 220? Ka kunna LED ɗaya tukuna, ka sa ta riƙa ƙiftawa, ka koyi dalilin sa mata rezista. Ƙafar Arduino, wato inda ake jona waya a allon, ba a so ta ɗauki wutar da ta wuce miliamfa 20. Ranar da ka isa batun fanka, ka nemi mai gyaran wuta ya tsaya a kanka.

Wani ɗalibi daga Marwa: "Babana yana ajiye albasa. Na so in haɗa abin da zai auna zafi da raɓar rumbun. Na tura jaka talatin wa wani a WhatsApp, ya aiko babban akwati mai sensa kusan arba'in. Ta zafin tana nuna 12, can ta nuna 70. Ta raɓar ta tsaya a 20 ba ta motsi. An cuce ni ne?"

Ƙanena, niyyarka kyakkyawa ce, amma sayayyarka ba ta yi ba, kuma dole in tsaya a nan domin wannan ne ciwon da ya fi damuna. Sensa biyu kake buƙata, ka sayi arba'in. Sauran suna nan a leda ƙura za ta cinye su, alhali kuɗinsu ya isa ka sayi biyu nagartattu har da na'urar awon wuta. Kuma ka tura kuɗi ga wanda ba ka san shagonsa ba, ba ka da inda za ka mayar da kaya.

A rarrabe tsakanin kwafi da jabu. Waɗanda suka ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005 sun bar zanen allon a buɗe, kowa ya ƙera nasa. Saboda haka allon Sin mai araha da ya zo da sunan kansa ba haram ba ne, kuma yawanci yana aiki lafiya. Jabu shi ne wanda aka manna wa tambarin asali aka sayar maka da tsadar asali. Wanda ya fi wannan muni shi ne sensar jabu. Allo in ya mutu ka san ya mutu. Ita sensar jabu tana ba ka lamba, kai kuma ka gaskata, kamar mudun da aka buga wa gindi. Yaro mai koyo zai kwana yana sauya tubala, ya ɗauka shi ne ba ya ganewa, har ya watsar da abin gaba ɗaya. Wannan asarar ta fi ta kuɗi ciwo.

In sensar zafinka LM35 ce, ana yawan jabunta, domin siffarta ɗaya da ƙaramin tiransista mai ƙafa uku. Gwajinta ba wuya. Ta gaske tana ba da milivolt 10 a kan kowane digiri, wato in ɗakinka digiri 35 ne, na'urar awo za ta nuna kusan volt 0.35. Ka matse ta da yatsu biyu da sanyin safiya, lambar ta hau a hankali. In tana tsalle, ka fara duba wayoyi, don sako-sakon haɗi ma yana jawo haka. In ta yi zafi har tana ƙona yatsa, ko dai ka juya ƙafafunta ko ba ita ba ce. Mai ɗaya sensar zafin, DS18B20, wadda ke da bakin ƙarfe da doguwar waya, ya sayi ƙanƙara ya tsoma ta a ruwanta, ya ga ko za ta sauko kusa da sifili. In ta kafe a 85 ko ta nuna -127, yawanci matsalar haɗi ce, ko an manta rezistar 4.7k.

Ta raɓar kuwa, ina zaton shuɗiyar nan ce DHT11, kuma ba lallai jabu ba ce. Iyakarta daga kashi 20 zuwa 90 ne, zafinta kuma ba ya wuce digiri 50. Ka san bushewar hunturun Marwa, ka san yadda ƙarƙashin kwano yake a watan Afrilu. Ba a yi ta don rumbun babanka ba. Ka nemi farar, DHT22, wadda ke kaiwa digiri 80 kuma tana karanta raɓa har ƙasa. Kafin ka biya, a jona maka ita a gabanka, ka hura mata numfashi ka ga lamba ta tashi. Mai kayan da ya ƙi gwaji, ka bar masa kayansa. In daga Duwala ko Yawunde za a aiko, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi oda ɗaya ta hannun wanda wani ya taɓa saye a wurinsa.

Wani malami daga Ngaundere: "Fitilar allona tana ci, amma kwamfuta ba ta ganinsa. In sayi wani?"

A'a, Malam. Ka sauya kebul tukuna, wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayani. In bai yi ba, duba ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB. In an rubuta CH340 a kansa, sai ka sauke direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, kyauta ka sa a kwamfutar, sannan ka sake jonawa.