Balan-balan ba ya cire nauyi

Tambaya: Malam, mu shida ne 'yan ajin ƙarshe a injiniyan lantarki a nan Legas. Mun haɗa ƙaramin tauraron ɗan'adam samfurin CubeSat da kayan da muka sayo a kasuwar kayan kwamfuta ta Computer Village. Wani mai kwas ya ce mu biya shi ya ɗaura mana shi a balan-balan zuwa kilomita 30, a can mu gwada tsirar wake a yanayin rashin nauyi. Iyayenmu a Agege ne suka haɗa kuɗin, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mu biya?

Amsa: Ƙanwata, kada ku biya. Hankalinki ya gaya miki gaskiya.

Wannan tatsuniyar ta "in ka yi sama sosai nauyi ya ƙare" na gaji da jin ta, har daga bakin masu digiri. A kilomita 30, ƙarfin jan ƙasa raguwarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Waken naku zai tsiro can kamar yadda zai tsiro a tsakar gida a Agege, sai dai sanyi ya kashe shi. Ko tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400, jan ƙasa a wurinta ya kusa kashi 90 cikin 100 na wanda ke riƙe da ke yanzu. 'Yan sama-jannati suna shawagi ne saboda su da tashar faɗuwa suke yi tare, amma suna gudun kusan kilomita 28,000 a awa, don haka kullum suna kuskure ƙasa, suna zagaye ta a kowane minti 90. Kamar mutum ne a cikin lif da igiyarsa ta tsinke. Rashin nauyi faɗuwa ce, tsawo bai da ruwa a ciki. Balan-balan kuwa rataye kayan yake yi, to ina faɗuwar?

Shi ya sa a Bremen ta Jamus aka gina hasumiyar sakin kaya mai mita 146, don samun ƙasa da daƙiƙa 5 na rashin nauyi. Mai kwas ɗinku zai ba ku awanni a kan igiya? Haba!

Kuma akwai haɗari. Sakin balan-balan ɗauke da batirin litiyam a garin da jirage ke sauka Ikeja dare da rana, ba tare da izinin hukumar jiragen sama ba, neman masifa ne. In an kama, sunanku ke jikin akwatin, ba nasa ba.

Ɗalibai suna kai tauraro sama, amma ta hanyar da ta dace. Tauraron Nigeria EduSat-1 na jami'ar fasaha ta Akure da NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, an haɗa shi ne a Kyushu ta Japan ƙarƙashin shirin Birds-1, rokar Falcon 9 ta kai shi tashar sararin samaniyar a Yunin 2017, aka sake shi a Yuli, ya zagaya duniya har 2019.

Ku raba aikin gida biyu. Tauraron ku gwada shi a ƙasa: girgiza, zafi da sanyi, da ko rediyonsa na kai saƙo nesa. Waken kuma ku haɗa masa kilinostat, ƙaramar na'ura mai juya tsiro a hankali har saiwarsa ta rasa ina ne ƙasa. Kwaikwayo ne kawai, ku rubuta hakan a rahotonku. Sauran kuɗin ku mayar wa iyayenku, sannan ku sa shugaban sashenku ya rubuta wa NASRDA.