Amsa ga ɗan uwan da ke tambayar ƙarin haraji bayan zaɓe

Salam ɗan uwa. Naga tambayarka, wai ka tara ɗan jari kana so ka fara sauke kayan waya daga Chana amma ana ta tsorata ka cewa duk gwamnatin da ta hau bayan zaɓen 2027 sai ta lafta haraji, shin ka jira ko ka shiga. Ni dai sana'ata kenan riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a nan Kano, toh bari in faɗa maka abinda na gani, kai kuma sai ka auna.

Masu tsorata ka ba ƙarya suke ba. Duk wani magani mai ɗaci a shekarar farko ake ɗura wa mutane shi, saboda zaɓe na gaba da saura, kafin lokacin an manta. Jonathan ya ci zaɓe a 2011, ranar 1 ga Janairun 2012 muka tashi fetur ya koma naira 141 daga 65, sai da aka yi zanga-zanga da yajin aiki ya dawo 97. Buhari ya hau 2015, Mayun 2016 lita ta koma 145. Ya sake ci a 2019, shekarar bata ƙare ba ministar kuɗi ta lokacin Zainab Ahmed ta fito da maganar ƙarin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan da ka saya, daga kashi 5 zuwa 7.5, ya fara aiki Fabrairun 2020. Shi kuwa Tinubu ko jira bai yi ba, a wajen rantsuwa ranar 29 ga Mayun 2023 yace tallafin mai ya tafi, kafin sati litar da muke saye ƙasa da 200 ta kai wajen 500. Ka ga babu ruwan abin da jam'iyya, PDP tayi APC tayi. Kenya ma haka, Ruto ya hau 2022 da sunan talaka, 2023 ya ninka VAT ɗin mai daga 8 zuwa 16, da ya ƙara kawo wata dokar haraji a 2024 matasa suka kutsa majalisa dole ya janye.

Amma fa ba kullum bane, kar a ce na yi son kai. Dattawanmu har gobe suna yabon Rimi saboda yana hawa a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma yayi a Kaduna. Ghana ma Mahama ya ci zaɓe ƙarshen 2024 ya soke harajin tura kuɗi ta waya a 2025. Sai dai gwamnatin da bashi ya kai mata wuya, in ta sauke maka nan ka duba can da kyau.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Abinda ya karya 'yan kasuwan da na sani ba wanda ake kira haraji a rediyo bane. VAT ɗin nan da ake ta surutu, ƙarin naira biyu da rabi ne a cikin ɗari, kowa ya ɗora a kan kaya aka wuce wajen. Wanda ya kwantar da mutane shine canjin dalar da kwastan ke lissafa kuɗin fito da shi, kason da doka ta sa bai motsa ba ko kaɗan, amma da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a Yunin 2023 dalar da ake lissafi da ita ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,000 cikin 'yan watanni, kaga kuɗin fito ya ninka ba tare da majalisa ta zauna ba. Akwai wani ubangidana da kayansa ke kan ruwa a lokacin, ya riga ya karɓi kuɗin mutane a tsohon farashi, wallahi da kayan suka iso sai da ya saida fili ya fito da su, kuma mutum ne mai tsantseni ba ɗan kasada ba. Ga naira 50 da ake cira in an tura 10,000 zuwa sama, wadda daga baya aka faɗaɗa ta har kan su Opay da Moniepoint, mai POS zai baka labari. Ga wutar Band A, wato ta unguwannin da aka ce su suka fi samun wuta, da ta koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Ga kuma masu rasit na jiha da na ƙaramar hukuma, sabon gwamna yana hawa sai kaji an kafa kwamitin tara kuɗin shiga, kuɗin shago, kuɗin shara, kuɗin allon talla, kuɗin lodi da sauke, kowa da kalar rigarsa. Ni a littattafan da nake riƙewa waɗannan ƙananan in ka haɗa su a shekara sun fi ba mai ƙaramin shago ciwon kai.

Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda gwamnonin Arewa suka yi ta ja da su kan rabon VAT, an so a ƙara VAT ɗin a ciki majalisa ta barshi a 7.5. Toh ni a ganina maganar bata mutu ba, ajiye ta aka yi, kuma duk wanda ya hau zai tarar da ita a kan tebur.

Shawarata kar ka jira. Kuɗin da ka ajiye a naira kana jiran zaɓe shima ana yankar sa kullum ta tsadar kaya, babu ma mai baka rasit. Ka shiga amma da kaɗan kaɗan, kar ka zuba jarin duka a lodi ɗaya, musamman wanda zai iso tsakanin rantsuwa da kasafin kuɗin farko. Kar ka karɓi kuɗin kowa a kan farashi tsayayye alhali kaya basu sauka ba, ka faɗa musu tun farko farashi sai ranar fito. Ka raba asusun kasuwa da na gida, dan in masu haraji suka duba suka ga kuɗin biki da na adashin madam duk sun shiga waje ɗaya, a matsayin ciniki zasu lissafa maka kuma kai ne da wahalar bayani. Rasit kuwa ko na naira ɗari biyu ne ka ɗauke shi a hoto ka ajiye, ana dawowa a ce baka biya ba.

In ka faɗi ta jirgin sama zaka riƙa saukewa ko ta ruwa sai in nuna maka yadda zaka ware kuɗin fito, dan lissafin ba ɗaya bane.