Gaskit Biyu Ka Sa, Mai Bai Daina Zuba Ba

Jiya da magariba muna rufe gareji ka tsare ni da tambaya kan tsohuwar Datsun 120Y ɗin nan ta Alhaji. Ka ce gaskit biyu, wato abin da ke tare mai tsakanin murfi da inji, ka sa wa murfin bawul cikin mako guda, na biyun har gam ka lafta masa, amma baƙin mai bai daina tsattsafowa ba. Kana so ka san wanne ya fi, na kok ko na roba. Na ce ka bari sai na ga motar da idona. To, yau da safe na gani.

Ɗana, ka bar jaki kana dukan taiki. Gaskit ɗin nan biyu ba su yi maka laifin komai ba, hannunka ne ya yi nauyi.

Ɗauko murfin ka kife shi a kan gilashin da ke bayan akwatin sifanu, ka durƙusa ka leƙa ta gefe. Za ka ga haske yana wucewa tsakanin kowane rami da na kusa da shi. Murfin nan siririn ƙarfe ne da aka buga a inji. Duk lokacin da aka danne noti fiye da kima, ƙarfen da ke kewaye da ramin sai ya lotsa ƙasa kamar bakin mazurari. Wurin da ya lotsa shi kaɗai ke taɓa gaskit, har ya yanka shi, tsakani kuwa ya ɗaga sama ya buɗe wa mai hanya. Kai kuma da ka ga yoyo sai ka ƙara ɗaurewa, lotsawar ta ƙaru. Ba kai ka fara ba. Motar nan an daɗe da daina ƙera irinta, kanikawa nawa suka murɗa notunan nan kafin a haife ka? Amma ka ɗora naka a kai.

Gyaran ba wuya. Ka aza leɓen murfin a gefen katako mai tauri, cikinsa na kallon sama, ka riƙa bubbuga kowane rami da ƙaramar guduma mai zagayen kai, a hankali, har ya koma daidai da sauran leɓen. Kana bugu kana mayarwa kan gilashi kana dubawa. Wannan dabara ta murfin ƙarfe ce kawai. Ranar da aka kawo mana tsohuwar Marsandi mai murfin alminiyom na zubi, kada ka kusance shi da guduma, tsagewa zai yi, kuma samun wani sai an sha yawo.

Yanzu ga tambayarka. Kok ɓawon wata bishiya ce, ƙasar Fotugal ce ta fi kowace samar da shi, a niƙa a matse, wani lokaci a gauraya da roba. Amfaninsa taushi. Yana lanƙwasa ya cike ƙananan ramuka, shi ya sa ya dace da murfin ƙarfe irin na Datsun ɗin nan wanda ko ka gyara ba zai koma kamar sabo ba. Aibinsa, zafi da daɗewa suna busar da shi ya tsuke, kuma ba ya jure matsi, da ka wuce gona da iri sai ya fashe ya tumbatso ta gefe. Roba ta fi daɗewa, ana iya cirewa a mayar, amma tana son wuri mai santsi, miƙaƙƙe, busasshe. Ka sa ta a karkataccen murfi, ko ka shafa mata mai, sai ta zame ta fito kamar harshe. Ni a wurina ƙa'idar ita ce ka bi abin da masu ƙera injin suka tsara wa murfin. In mai kwarmi ne da roba ke zama a ciki, ka ba shi roba. In shimfiɗaɗɗen leɓe ne na ƙarfe, kok ko gaurayen kok da roba.

Sayen ma sai da ido. In ka shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo, kada ka tsaya kana kwatance da baki, za a miƙo maka na wata mota a rantse maka shi ne. Ka tafi da murfin a hannu, ka ɗora gaskit a kai a gaban mai shago, ka ga kowane rami ya hau ɗan'uwansa. Kayan tsofaffin motocin nan sukan shekara rataye a ƙusa ƙarƙashin kwano. Na roba ka ɗan tanƙwara shi, in ya yi tauri ko ka ga tsaga, ajiye musu kayansu. Na kok in ya ɗan gaza tsawo kaɗan, kada ka ja shi da ƙarfi, jiƙa shi a ruwan ɗumi na 'yan mintuna zai saki jiki, ka goge shi ya bushe kafin ka sa. Kuma ka riƙa faɗin sunan abu daidai. Gaskit ɗin murfin bawul daban, na kan silinda daban. Mai mota in ya ji ka ce "gaskit ya tafi" sai gabansa ya faɗi, ya zaci za a sauke kan inji.

Batun gam ne ya fi ɓata mini rai. Na ga jan silikon ya kumbura ta waje kamar an matsa man goge baki. Abin da ya fito ta waje, irinsa ya shiga ta ciki. Wannan na cikin yakan ɓalle, ya bi ramukan da mai ke komawa ƙasa, ya je ya taru a rariyar famfon mai. Ranar da mai motar ya maƙale a cunkoson Oshodi inji ya ɗau zafi, fitilar mai ta fara ƙyaftawa, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido. Na taɓa sauke kaskon mai na wata mota na tarar da igiyoyin gam sun toshe fiye da rabin rariya, kuma duk a kan yoyon da bai kai cokali ba a mako. Gam yana da wurinsa: ɗigo kamar ƙwayar wake a kusurwa, ko inda ƙarfe biyu suka haɗu suka bar gaɓa. Kok kuwa, ka shafa gam siriri a gefen murfi kaɗai don ya riƙe shi kada ya goce. Gefen da zai zauna a kan inji ka bar shi haka, ko ka ɗan shafa giris, don ranar da za a buɗe a saita bawul ya tashi lafiya.

Wajen cirewa ma na ga tabon sukudireba a kan injin. Kan injin nan alminiyom ne, ka karce shi ka haƙa wa mai kwata ta dindindin. In murfi ya manne, tafin hannu ko gudumar roba. Ka cusa tsumma mai tsabta ka rufe bawuloli kafin ka fara kankare tsohon gaskit, ka kankare da guntun roba mai tauri ko katako, ka goge da fetur har tsumma ya fito fari.

Ɗauri kuma, ka fara sa duk notunan da yatsu. Sannan ka kama sifana kusa da kanta, ba can ƙarshen hannu ba, ka fara daga tsakiya kana tsallakawa wannan gefe zuwa wancan, zagaye biyu ko uku, kowane zagaye ƙari kaɗan. Notin taya yakan sha kusan Nm 100 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, waɗannan ƙananan ba sa kai goma. Idonka na kan gefen gaskit, da ka ga ya fara motsi zai kumburo, tsaya. Ka tada inji ya yi zafi, ka kashe ya huce, ka sake bi da sifana, domin kok yakan zauna bayan zafin farko.

Kowace mota da halinta. Bitil, wadda Yarbawa ke kira ijapa, wadda aka riƙa haɗawa nan Legas a hanyar Badagry tun 1975, murfinta ba noti ko ɗaya, wata waya ce mai tsauri ke danne shi. In wayar ta saki, ko gaskit goma ka canza sai ta zubar. Ita ana buɗe ta kowane kilomita 5,000 a saita bawul a kan milimita 0.15 inji na sanyi, don haka a manne gaskit a kan inji zaluntar na gaba ne. Fijo 504 ta Kaduna kuwa injinta a kishingiɗe yake, mai yana taruwa gefe guda, kuma filoginta suna zaune cikin bututu da suka ratsa murfin, kowanne da zoben robarsa. Ka canza babban gaskit ka bar zobban nan, aiki bai ƙare ba.

Saura abu guda da ba ka duba ba ko kaɗan. Na zare tiyon numfashi da ke fita daga murfin Datsun ɗin, na hura, iska ba ta wuce ba, ya toshe da daskararren mai. Tsohon inji yana sakin hayaƙi ta gefen zobban fistin zuwa ciki, in bai sami ƙofa ba sai ya turo mai ta inda ya fi rauni. Ka wanke tiyon da kananzir, in ya tsage ka canza, ka duba robar murfin zuba mai ita ma. Bayan ka haɗa komai ka wanke injin tas ya bushe, ka barbaɗa hoda a kewayen murfin, ka bar shi yana aiki minti ashirin. Inda hoda ta fara jiƙa, daga nan man ke fitowa.

Gobe ka yi sammako daga Agege kafin hanya ta cushe, ka tafi da murfin bayan ka miƙe shi. Gaskit biyu za ka sayo, ɗaya mu ajiye a kwance cikin kwali, kada ka rataye shi. Kuɗin na wannan karon daga aljihuna, Alhaji ya riga ya biya sau biyu.