Kafin ka nemi a ɗauke maka ajin rubutu

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce tunda ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS, ajin rubutun muhawara na shekarar farko a jami'ar Amurka ɓata lokaci ne, har kana tambaya ko za a ɗauke maka shi. Kada ka nema.

Rubutun muhawara na IELTS aƙalla kalma 250 ne cikin kamar minti 40, kuma ba mai tambayarka inda ka samo maganarka. A nan takarda ɗaya kan ci makonni: ka rubuta, 'yan aji su yi mata fiɗa, ka sake.

Tawa ta farko a kan hana acaɓa a Kano ce, a 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Na zuba Turanci son raina, na buɗe da "kowa ya sani". Malamar ta ja layi ta rubuta a gefe: wane ne kowa? Ita ba ta san acaɓa ba, balle matsayin sarki a wajen Bakano. Ashe na yi rubutu kamar ina majalisar ƙofar gidanmu, inda ana gyaɗa kai tun kafin ka rufe baki. Raina ya ɓaci, amma gaskiyarta.

Sai batun hujja. Faɗin inda ka ciro magana ba zai ba ka wuya ba, ai ka san isnadi tun daga Islamiyya. Abin da ya kayar da ni shi ne bayan na kawo labarin jarida sai na yi gaba, a zatona na gama. A ajin suna koyar da tsarin masanin falsafa Stephen Toulmin na 1958: da'awa, hujja, sannan igiyar da ta ɗaure su. Wannan igiyar ce ba mu saba da ita ba. Ta yaya labarin ya nuna dokar ce ta rage hare-hare, ba wani abu daban ba? Kuma ina muryar ɗan acaɓar da ya rasa abincinsa? In ba ka kawo ta da kanka ka amsa ba, maki ya tafi.

Kafin bizarka ta fito, rubuto min shafi biyu a kan adaidaita sahu. Zan ba maƙwabcina ya karanta, bai taɓa taka Afirka ba. Ka gaida Inna.