Amsa ga Hajiya kan karatun intanet

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya na saurari saƙonki, kin ce yaronki zai shiga NOUN, wato jami'ar nan ta karatu daga gida, cibiyarsu ta nan Kaduna, kuma tunda kullum waya na hannunsa kina ganin karatun intanet ba zai ba shi wahala ba. To Hajiya ki yi haƙuri, a nan dai ban yarda ba.

Yaran nan fa sun iya TikTok, sun iya haɗa bidiyo su sa waƙa, amma ki ce masa ya buɗe imel ya tura takarda, ko ya ɗauki hoton aikinsa ya mai da shi PDF ya ɗora a fotal, wato shafin makaranta na intanet, sai ki ga ya tsaya yana sosa ƙeya, ƙarshe a tafi kafe a biya kuɗi, fasuwod ɗin ma mai kafen ne ya san shi, shi bai sani ba. Ai tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai yaron da sai dab da jarrabawa yake fara taɓa kwamfuta.

Sannan maganar mai da hankali, wannan ma ta fi damuna. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, gwamnatin jiha ta sa darussa a rediyo da talabijin, wasu makarantun suka koma Zoom, to me muka gani? Yaro ya shiga, sunansa na nan a allo, ya kashe kyamara ya kashe makirfo, malam na ta zuba shi kuwa yana bakin layi wajen mai shayi. Ba duka laifinsu ba ne fa, data na cin kuɗi, balle da aka ƙara kuɗinta a 2025, ga rashin wuta, kuma malamin da zai yi minti 40 yana magana shi kaɗai bai tambayi kowa komai ba, ko ni barci zan yi.

Shawarata, kafin a fara semesta ki kai shi wajen koyon kwamfuta ko na wata ɗaya ne, ya iya taifin, imel ɗinsa da fasuwod su zama a hannunsa. A NOUN akwai aikin gida da ake ba ɗalibai, suna ce masa TMA, a fotal ake yinsa kuma yana da lokacin rufewa, babu malamin da zai biyo shi da bulala. Ki riƙa cewa ya buɗe ya nuna miki da idonki, kar ki tsaya a kan "Mama na yi".