Amsa: An sallamo ƙanena bayan rauni a laka, yaya za mu kula da shi a gida?

Malam, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ka ce hatsarin babur ne, ƙafafunsa ba sa motsi, kuma dangi sun matsa a kai shi wurin mai ɗori. Kada ku kai shi. Raunin laka (jijiyar cikin ƙashin baya) ba irin karayar da ake ɗorawa ba ne, jan ƙashin baya na iya ƙara lalata jijiyoyin da suka rage.

Ku ware mutum ɗaya da zai riƙe katin asibiti, magunguna da ranakun komawa wurin likita da sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Jinyar kowa da kowa ita ke sa a manta abubuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gyambon kwanciya, don shi ba zai ji zafinsa ba. A juya shi duk bayan awa 2, har da dare, a duba ƙugu, mazaunai da dundunniya kullum. In jan tabo ya ƙi bajewa, kada ya sake kwanciya a kansa. A keken guragu kuma, ya riƙa sauya zama bayan minti 15 zuwa 30.

Zafin Sakkwato ma ba wasa ba ne, tunda jikinsa ƙasa da raunin ba ya gumi sosai: inuwa, ruwa, jiƙaƙƙen tsumma.

In raunin a wuya ne ko saman baya, sai ciwon kai mai tsanani ya taso kwatsam da jan fuska, ku zaunar da shi, ku duba ko robar fitsari ta toshe. In bai lafa ba, asibiti nan take.