Amsa Kan Facin Ƙofar Tsohuwar Land Rover

Malam, ka tambaya ko za a iya yin walda a ƙasan ƙofar tsohuwar Land Rover ɗinka da ta ruɓe. Ka fara ɗora maganaɗisu a wurin don ka gane inda ƙarfe yake da inda alminiyam yake, domin fatar ƙofar, wato rufinta na waje, alminiyam ce, amma firam ɗin da ke cikinta ƙarfe ne, kuma inda suka haɗu da danshi nan farin gari yake fitowa har rami ya ɓullo. Firam ɗin a yanke shi har a kai lafiyayyen ƙarfe, a yi masa walda. Fatar kuwa, faci na alminiyam da ƙusoshin ribit ya fi, bayan an shafa fenti tsakanin alminiyam da ƙarfen don kada su sake taɓa juna. Cika ramin da fila kawai, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, asarar kuɗi ne, damina ɗaya zai kumbura.